Duba Injin Ban-Ruwa Kafin A Ajiye Shi

Idan aka girbe alkama da albasa, aka tsinke tumatirin ƙarshe, hankalin manomi yakan koma gonar tudu. Injin ban-ruwa kuwa sai a jingine shi a bayan ɗaki, ruwa a cikinsa, fetur a tanki. Bayan wata biyar ko shida a ɗauko shi, ya ƙi aiki. A lokacin an riga an yi dashe. Bakanike yana gari, jama'a sun yi layi a wurinsa, dashe yana bushewa a fadama.

Waɗannan ƙananan injuna masu bakin inci 2 da inci 3 sun ƙara yawa a ƙauyuka bayan an fara Shirin Fadama na ƙasa a 1993, da rancen Bankin Duniya. Ba ƙaramin kuɗi ake kashewa wajen sayensu ba. Saboda haka ya kamata manomi ya gwada injinsa sau ɗaya a bakin ruwa kafin ya ajiye shi, don ya gano abin da ke damunsa tun da sauran lokaci.

Matsalar da aka fi samu ita ce inji ya tashi, yana ƙara lafiya lau, amma ruwa bai fito ba. Sau da yawa ba lalacewa ya yi ba. Iska ce ta shiga. Yaron da ke zuƙar ruwa da hannun ganyen gwanda ya san wannan: idan akwai huda a jikin hannun, iska zai sha maimakon ruwa. Haka famfo yake.

Da farko a buɗe murfin da ke saman famfo, a zuba ruwa har ya cika ya tumbatsa, a rufe sosai, sannan a tayar. Kada a kuskura a tayar da shi babu ruwa a ciki. Tsakanin inji da famfo akwai wani zobe da makanikai ke kira sil. Ruwa ne ke sanyaya shi. Idan ya juya a bushe, zai ƙone cikin ɗan lokaci kaɗan. Alamar ya ƙone ita ce a ga ruwa yana ɗiga daga tsakanin inji da famfo.

Idan an yi minti biyu ko uku ruwa bai hau ba, a kashe inji, a koma kan mesar da ke zuƙo ruwa. A kwance bakinta a duba robar da ke ciki. Wannan 'yar roba takan tsage, takan kuma faɗi a cikin yashi ba a sani ba. A ɗaure kilif ya kama sosai. Sannan a gwada mesar kanta: a toshe baki ɗaya, a cika ta da ruwa, a bi jikinta da ido. Duk inda ya jiƙe, nan iska ke shiga. Ɗauri da robar tayar keke yakan fitar da mutum na kwana biyu, amma ba gyara ba ne.

A ƙarshen mesar akwai rariya mai hana shara shiga. Dole ta nutse gaba ɗaya, kuma kada ta kwanta cikin laka. A sa ta cikin tsohon bokiti ko kwando a ƙarƙashin ruwa.

Wani lokaci kuma laifin na rijiya ne. Irin wannan famfo ba ya iya ɗago ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8. A ƙarshen rani ruwa yakan ja ƙasa, sai inji ya kasa, alhali lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa wasu ke haƙa rami su saukar da injin kusa da ruwa. A yi hattara ƙwarai a nan. Hayaƙin inji yana da guba wadda ba ta da wari, kuma takan taru a rami. Ta kashe mutane. Kada kowa ya zauna cikin rami inji yana aiki, kada kuma a tayar da shi cikin ɗaki.

Idan ruwa yana fitowa amma babu ƙarfi, wataƙila ciyawa ta naɗe fankar da ke cikin famfo, ko yashi ya cinye ta. A kashe inji, a zare wayar fulogi, kafin a sa hannu.

Bayan gwaji sai ajiya. A ɗauraye cikin famfo da ruwa mai tsabta, a kwance murfin ƙasa, ruwan ya tsiyaye tas. A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Kanada, akwai masu ɗan gida mai taya wanda mota ke ja, da tankin ruwa da ƙaramin famfo a ciki. Kafin hunturu sukan tsiyaye shi, domin idan ruwa ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa famfo. A fadama ruwa ba ya daskarewa, amma yakan bar tsatsa da busasshiyar laka, su riƙe fanka ta ƙi juyawa.

Fetur ma ba a barinsa. Idan ya daɗe yakan yi danƙo ya toshe kafireta. A juye na tanki nesa da wuta, a kwance ƙaramin noti na ƙasan kafireta sauran ya fita. A canza baƙin mai tun inji yana da ɗumi. Ƙa'idar yawancin waɗannan injuna ita ce canjin mai bayan aikin awa 100. A cire fulogi, a zuba mai mai kyau ƙaramin cokali ɗaya a ramin, a ja igiya a hankali sau uku ko huɗu, a mayar da fulogi.

A ɗora inji a kan katako a wuri busasshe, a rufe shi da buhu. A toshe bakin famfo da na salansa da tsumma, don zanzaro yana son gini a irin waɗannan ramuka. Mesa kuma a naɗe ta ba tare da lanƙwasawa ba, a rataye a inuwa inda ɓera ba zai kai ba.

Manomin da ya iya rubutu sai ya rubuta a takarda ranar da ya canza mai, da abin da ya ga yana bukatar saye: roba, kilif, sil ko fulogi. Ya ɗaura takardar a hannun injin. Duk ranar kasuwar da ya shiga gari da damina, ya sayo ɗaya.