Darasi: Yadda Mai Sana'a Zai Nemi Aikin Koyarwa a Cibiya

A ƙasar Sabon Birni da Isa akwai masu sana'ar hannu da yawa. Akwai mata masu saƙa tabarma da faifai. Akwai majema da dukawa, da maƙera, da masu ginin tukwane. Yawancinsu a gida suka gaji sana'ar. Amma idan aka buɗe ajin koyon sana'a, sau da yawa daga birni ake ɗauko malami, domin gwanin ƙauye bai rubuta takardar nema ba. Wanda bai nema ba kuwa, ba a san da shi ba.

Koyar da sana'a a cibiya ba sabon abu ba ne. A 1987 aka fara shirin Better Life na matan karkara, wanda ya buɗe cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi. A shekarar ce kuma hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato NDE, ta fara tura matasa wurin masu sana'a su koya. A 1990 aka kafa hukumar yaƙi da jahilci ta ƙasa. Shirin Better Life ya wuce, amma bukatar tana nan, har ma ta ƙaru. Rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu a gabashin Sakkwato, wasu har sun ƙetara ƙasar Maraɗi. Gona ba ta ɗaukuwa a ka. Sana'ar hannu kuwa tana bin mai ita duk inda ya sauka.

Mai nema zai fara zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, ya tambayi jami'in ilimin manya ko akwai ajin da ke bukatar malami, da kuma wanda za a rubuta wa. Sannan ya zauna ya rubuta takarda. A yi ta gajera, a kan farar takarda mai tsabta. A sa sunan gari da kwanan wata a sama ta hannun dama. Ga misali daga wata mai saƙar kaba:

"Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman a ba ni damar koyar da saƙar tabarma da faifai a cibiyar mata. Na koyi sana'ar a wurin mahaifiyata, kuma shekara 20 ke nan ina yin ta. Na gama ajin yaƙi da jahilci, ina iya rubuta sunayen ɗalibai. Zan iya koyar da mata 10, sau 2 a mako, har wata 3. Mai garinmu ya san ni, zai ba da shaida. Na gode."

A lura, ba ta yi kukan talauci ba, ba ta kuma yabi kanta ba. Ta faɗi abin da ta iya, da yawan ɗaliban da za ta iya riƙewa, da tsawon lokaci. Abin da jami'i ke son gani ke nan.

Iya sana'a daban, iya koyar da ita daban. Wata gwanar tana saƙa tana hira, hannunta ne kawai ya san hanya. Idan aka ce ta bayyana, sai ta ce, "Ai haka ake yi." Wannan ba zai wadatar a aji ba. Don haka mai nema ya haɗa da takarda ta biyu, wadda ta nuna abin da za a yi kowane mako. Makon farko zaɓen kaba da shanya ta. Na biyu tsagawa da jiƙawa. Na uku rini. Daga nan a shiga saƙa, a ƙare da ɗinki da sa farashi. Majemi ma haka zai tsara nasa, tun daga jiƙa fata da cire gashi, zuwa jima da bagaruwa, zuwa rina ta ja da karan dafi.

Akwai wani abu da masu nema kan manta, wato inda kayan aiki za su fito. Kaba ganyen ƙaramar goruba ce. Idan mata 10 suka koyi saƙa, kowacce ta shiga daji tana yankewa har tsakiya, gorubar ba za ta tashi ba. Bagaruwa ma idan aka sare ta don itacen girki, majemi ya rasa abin jima. Saboda haka malamin kirki yakan ware rana guda ya fita da ɗalibai, ya nuna musu ganyen da ake yanka da wanda ake bari. Makwabtanmu na Maraɗi sun nuna hanya. Tun wajen 1983 manomansu suka fara abin da suke kira sassabin zamani. Ba sa ƙone kututture. Sukan zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi daga tohon su bari, su datse sauran, har itace ya dawo a gona. Mai neman da ya sa irin wannan darasi a tsarinsa ya fi wanda bai sa ba, kuma malamin daji zai iya taimaka masa.

Ranar kai takarda, a tafi da samfur biyu ko uku na aikin hannu, har da wanda ba a gama ba, domin ana iya cewa a gwada a gani. A tambaya a fili: nawa ne alawus, yaushe ake biya, wa zai sayi kayan aiki, kuma kayan da ɗalibai suka yi na wane ne? Tambayar ba rashin kunya ba ce. Idan wani ya tare hanya ya ce a ba shi na goro zai shigar da suna, kada a ba shi. A miƙa takarda a ofis hannu da hannu.

A rubuta takardar kwafi biyu. A ba da ɗaya, a roƙi magatakarda ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayar, a koma da ita gida a adana. Idan mako biyu ya wuce ba a ji komai ba, a koma da kwafin a tuntuɓa.