Jagorar Wasannin Kwamfuta: Ya Dace a Ajiye Ta a Shafukan 'Yan Wasa?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban wasan kwamfuta ya san akwai lokacin da tafiya takan tsaya cik: ƙofa ta ƙi buɗuwa, ko wani dodo ya tare hanya, an yi an yi ya ƙi faɗuwa. A irin wannan hali ne ɗan wasa kan nemi jagora, wato rubutaccen bayani da ke nuna yadda ake wuce kowane mataki na wasan. An daɗe ana muhawara a kan ko ya kamata shafukan intanet da 'yan wasa ke taruwa a cikinsu su riƙa ajiye irin wannan bayani. Wasu na ganin taimako ne, wasu kuma na ganin yana kashe daɗin wasa. Wannan maƙala za ta dubi tarihin al'amarin, sannan ta auna shi da abin da masana ilimin koyo suka gano.

Tarihin Jagora a Taƙaice

Neman taimako ya girmi shafukan intanet. Wasan The Legend of Zelda, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1986, yana da ɓoyayyun koguna da ba a isa gare su sai an ƙona wata bishiya ko an fasa wani bango, ba tare da wata alama da ke nuna wurin ba. A 1987 kamfanin ya buɗe layin tarho a Amurka, inda ma'aikata ke amsa tambayoyin waɗanda suka maƙale. A 1988 ya fara buga mujallar Nintendo Power mai ɗauke da taswirori da dabaru. Haka kuma kamfanin Prima Games, wanda aka kafa a 1990, ya shahara wajen buga littattafan jagora na sayarwa.

A 1995 ne wani Ba'amurke mai suna Jeff Veasey ya kafa shafin GameFAQs, inda 'yan wasa da kansu ke rubuta jagora su ajiye wa 'yan'uwansu kyauta. Daga nan al'amura suka juya. An rufe layin tarhon a 2005, mujallar ta tsaya a 2012, Prima Games kuma ya daina buga littattafansa a 2019. Ke nan nauyin adana wannan ilimi ya koma wuyan 'yan wasa. Idan shafukansu suka ƙi ɗaukarsa, wanda ya maƙale a wani tsohon wasa ba shi da inda zai dosa.

Abin da Masana Suka Gano

Masu adawa da jagora suna da hujja mai ƙarfi. A 1994 masanin halayyar ɗan'adam Robert Bjork ya bayyana cewa akwai wahalar da ke da amfani ga mai koyo. Abin da mutum ya sha fama kafin ya gano shi yakan zauna masa a ƙwaƙwalwa fiye da abin da aka miƙa masa a hannu. Wasa kuwa ginshiƙinsa shi ne warware matsala. Wanda ya bi jagora layi-layi daga farko har ƙarshe ya kai ƙarshen wasan, amma tunanin wani ya kai shi.

Sai dai akwai wani binciken da ke goyon bayan ɗaya ɓangaren. A 1985 John Sweller da Graham Cooper, a Ostireliya, sun gwada ɗalibai masu koyon aljabara. Sun gano cewa sababbin ɗaliban da aka ba misalan da aka riga aka warware sun fi saurin koyo a kan waɗanda aka bari su yi ta lalube. Dalili shi ne, ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda, kuma lalube yana cinye ƙarfin da ya kamata a kashe wajen fahimtar ƙa'ida. Daga baya, a 2003, Slava Kalyuga da abokan aikinsa suka nuna cewa wannan amfani yana raguwa yayin da mai koyo ke ƙwarewa, har ya kai ga cikakken bayani ya zame masa cikas.

Idan aka haɗa waɗannan sakamako, za a ga cewa matsalar tana ga gwargwadon taimakon da lokacin ba da shi. Wannan shi ne abin da David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross suka bayyana a 1976, bayan sun lura da yadda ake koya wa yara 'yan shekara 3 zuwa 5 haɗa wani gini da guntayen katako. Malami nagari yakan taimaka a inda yaro ya kasa kawai, ya janye hannu da zarar yaron ya kama hanya. Sun kamanta wannan da katakan da magina ke kafawa su taka, waɗanda ake kwashewa idan gini ya tsaya da kansa.

Tsarin da Ya Dace

Masu ƙera wasanni sun daɗe da gane wannan. A farkon shekarun 1980 kamfanin Infocom, mai wasan Zork, ya riƙa sayar da littattafan taimako da ake kira InvisiClues. An buga amsoshin da tawadar da ba a gani sai an goga wani alƙalami na musamman. Kowace tambaya tana da amsoshi a jere: ta farko ishara ce kawai, ta biyu ta ɗan fito fili, ta ƙarshe ita ce cikakkiyar amsa. Ɗan wasa shi ke zaɓar inda zai tsaya.

Shafukan 'yan wasa za su iya bin wannan tafarki ta hanyoyi uku. Na farko, a rarraba jagora gida-gida, yadda mai neman wuce mataki ɗaya ba zai ci karo da labarin ƙarshen wasan ba. Na biyu, a gabatar da ishara kafin amsa, a kuma rufe amsar har sai mai karatu ya buɗe da kansa. Na uku, a kiyaye haƙƙin marubuci. A GameFAQs, alal misali, jagora mallakar wanda ya rubuta ta ce, don haka kwafe ta zuwa wani shafin ba da izininsa ba cin haƙƙi ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya dace shafukan 'yan wasa su ajiye jagora, domin mai tambaya ba ya ɓata, kuma kafofin da suka saba ba da ita sun rufe. Sharaɗin shi ne a tsara ta mataki-mataki, a bar wa ɗan wasa zaɓin yawan abin da zai gani. Wannan darasi ya shafi ɗalibin lissafi da na kimiyya ma: littafin amsoshi yana da amfani ga wanda ya fara gwadawa da kansa, ya dubi layin da ya gagare shi, sannan ya rufe littafin ya ci gaba da aikinsa.