Darasi na Goma Sha Biyu: Launi, Ido da Hannu

Ɗalibai, ku dubi 'yan ajinku. Yawancinsu da hannun dama suke rubutu, amma kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, wato mai amfani da hannun hagu. Ido ma haka yake: kusan kowa yana da idon da ya fi dogara da shi. Shin wannan fifiko yana da dangantaka da yadda muke ganin launi?

A can bayan ido akwai ƙananan ƙwayoyi iri uku masu karɓar haske. Su ne ke sa mu bambance ja da kore da shuɗi. Idan iri ɗaya ya samu tangarɗa, sai mutum ya riƙa rikita wasu launuka, kamar ja da kore. Wannan shi ne makantar launi. Galibi gadonta ake yi, kuma ta fi yawa a tsakanin maza. Wani masani ɗan Ingila, John Dalton, ya bayyana tasa a shekarar 1794. Ku lura, tushenta yana cikin ido, ba a hannu ba.

Dangantakar tana cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce. Ɓarin hagu ne ke sarrafa hannun dama, kuma shi ke karɓar abin da muka gani ta gefen dama. A wurin mafi yawan mutane, ciki har da yawancin bahagwai, wannan ɓarin ne ke kula da harshe. A shekarar 2006 wasu masana a Amurka sun nuna wa mutane launuka masu kama da juna. Sai suka gano cewa idan sunayen launukan sun bambanta, kamar kore da shuɗi, mutane sun fi saurin rarrabe su a gefen dama. Ashe sunan launi yana taimaka wa ido.

Saboda haka, kada ku yi wa bahago dariya, kada kuma ku zargi wanda ya rikita launi da sakaci. Ku sanar da malami domin a duba idonsa, tun kafin ya zaɓi sana'a irin ta tuƙin jirgin sama, wadda ke buƙatar tantance launi.

Ma'anar Kalmomi
ɓari: rabin abu
tangarɗa: matsala
rarrabe: bambance

Tambayoyi
1. Wane ne bahago?
2. Me ke kawo makantar launi?
3. Wane ɓarin ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa hannun dama?

Aiki
Ku miƙa hannu, ku nuna wani abu mai nisa da yatsa, idanu biyu a buɗe. Ku rufe ido ɗaya, ku buɗe, sannan ku rufe ɗayan. Idon da ya ga yatsa bai gusa daga kan abin ba, shi kuka fi dogara da shi. Ku rubuta jimla uku a kan abin da kuka gano.