Ko An Rufe Makaranta, Kada a Rufe Karatu a Gida

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, 2 Timoti 1:5, 3:14-15
Ayar haddacewa: Karin Magana 22:6

Mu mazauna Jihar Kebbi mun san abin da ake nufi da zaman yara a gida ba shiri. A shekarar 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu watanni. A watan Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a Nuwamba 2025 kuma aka sace 'yan mata a makarantar Maga. Duk lokacin da irin wannan ya faru, tsoro yakan kai har Dangamaji, yara su dawo gida. Wasu sukan koma aji sun manta abin da suka iya. Wasu ba sa komawa sam.

Karatunmu na yau ya nuna cewa tun kafin a gina aji, Allah ya ɗora koyar da yara a wuyan iyaye. Ta bakin Musa ya umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganarsa a zaune a gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Timoti, wanda ya zama abokin aikin Bulus, a hannun kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya fara sanin Littattafai tun yana ƙarami. To, yaya za ka yi naka?

1. Ka tsai da lokaci. Rabin sa'a kowace rana ya fi yini guda a wata. Ka zaɓi bayan sujadar iyali da safe, kafin a tafi gona, ko da yamma kafin duhu. A shimfiɗa tabarma a wuri ɗaya kullum, a ajiye waya, a kashe rediyo. Yaro yakan girmama abin da ya ga babansa ya bar aiki dominsa.

2. Ka fara da littafin da ke hannunka. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da shi iyayenmu da yawa suka koyi karatu. Yaro ya karanta aya uku da ƙarfi, ya kwafe ɗaya a takarda, sa'an nan ya faɗa maka ma'anarta da bakinsa. Ƙarami kuwa ya zana haruffa a ƙasa da tsinke. Wanda ya iya karatu da harshen da yake ji, Turanci zai zo masa da sauƙi.

3. Ka koyar da lissafi da aikin gida. Ƙasarmu ƙasar albasa ce. Bari yaro ya ƙirga kunyoyi, ya ƙirga buhunan da za a kai Aliero. Ka tambaye shi: in an sayar da buhu uku, aka cire kuɗin mota da na taki, nawa ya rage? Nawa ne zakka ta Ubangiji a ciki? Uwa ta sa 'yarta ta auna gero da mudu, ta lissafa canjin cefanen kasuwar Jega.

4. Kada ka ce ba ka yi boko ba. In ba ka iya karatu, kana da kunne. Ka sa yaro ya karanta maka, ka yi masa tambaya, ka duba ko ya rubuta wani abu yau. Babba ya koya wa ƙanensa. Gida uku ko huɗu a ikkilisiya su haɗa yaransu, su roƙi malamin makarantar Lahadi ko wani ɗalibin jami'ar Aliero da ya zo hutu ya zauna da su sau biyu a mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Ka ajiye bulala. Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Yaron da ake duka a kan kuskuren harafi, ɓoye littafi zai koya. In ya kasa, ka maimaita. In ya iya, ka yaba masa a gaban 'yan'uwansa. Haƙuri ɗaya ne daga cikin albarkun Ruhu, ka roƙe shi kafin ka zauna.

6. Kada a bar 'ya mace a baya. Sau da yawa in makaranta ta tsaya, namiji yana karatu, mace tana talla ko ɗiban ruwa, daga nan sai maganar aure. A raba aikin gida daidai, a zaunar da su a tabarma ɗaya.

Ka tuna, karatun gida bai ɗauke maka kai yaro makaranta ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Ranar da aka buɗe, ka kai shi da kanka, ka gaya wa malaminsa inda kuka tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wata rana Ubangiji zai tambaye ka amanar da ya ba ka.

Abin yi yau: ka tara iyalinka, ku tsai da lokacin karatu, ku fara gobe.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin 'ya'yan da ka ba ni. Ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, ka ba ni hikima da haƙurin koya musu. Ka tsare makarantunmu da malamanmu, ka kawar da ruhun tsoro daga ƙasarmu. A cikin sunan Yesu. Amin.