Yadda A Ke Tambayar Kwamfuta Abin Da Ke Cikinta

Bagudo gari ne a Jihar Kebbi, ba nisa da kogin Kwara. Ƙasarsa ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, fatake kuwa su kan bi ta Tsamiya su ƙetara zuwa Segbana. Kayan gwanjo da yawa ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano su ke shigowa Nijeriya, har da tsofaffin kwamfutoci.

Tun daga shekarar 2015 da kwamfuta a ke rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Saboda haka manomi ya kan sayar da shinkafarsa don ya saya wa ɗansa kwamfutar koyo. Amma kyan murfi ba ya nuna abin da ke ciki, ba a kuwa cinikin biri a sama.

Mai sayen doki ya kan buɗe bakinsa ya dubi haƙora don ya san shekarunsa. Haka ita ma kwamfuta. Tana da wani baƙin allo inda a ke rubuta mata umurni, nan da nan ta ba da amsa.

In Windows ke cikinta, sai a buɗe allon da a ke kira cmd, a rubuta systeminfo. Za ta faɗi kamfanin da ya ƙera ta, da irin injinta, da yawan ƙwaƙwalwarta ta aiki. Windows 11 ba ya hawa kan wadda ta kasa gigabait 4. In an rubuta powercfg /batteryreport, sai ta nuna ƙarfin batirinta sa'ad da ya ke sabo, da abin da ya rage masa yanzu. Wannan babban abu ne inda wutar lantarki ba ta zama.

Waɗansu kwamfutoci da Linux su ke aiki, watau tsarin da Linus Torvalds, mutumin Finland, ya fara a 1991, shekarar da aka kafa Jihar Kebbi. A nan free -h ke nuna ƙwaƙwalwa, df -h kuwa shi ke nuna sauran wuri a rumbun ajiya.

Dole ne a rubuta kowane harafi daidai, in ba haka ba, ba za ta gane ba. Yaron da ya iya waɗannan kalmomi ya tsare wa ubansa guminsa na shekara guda.