Buzuzun Masar da Sunayen Sarakuna

Ya kai mai karatu, ka san buzuzu, ƙwaron nan da ke dunƙula kashin dabbobi yana mirgina shi a ƙasa. Mutanen Masar na zamanin dā sun girmama shi ƙwarai. Da suka ga yadda ya ke tura dunƙulensa, sai suka ce haka nan wani abin bautarsu mai suna Kefri ya ke turo rana kowace safiya. Saboda haka suka riƙa sassaƙa siffarsa da dutse mai taushi, su shafa masa shuɗi ko kore mai ƙyalli, sa'an nan su huda shi, su zura zare, su rataya kamar laya.

A ƙarƙashin buzuzun a ke zana rubutu. Sau da yawa sunan Fir'auna ne, an kewaye shi da dogon zobe. Waɗansu kuwa hatimi ne, a kan danna su bisa yumɓu.

Fir'auna Amenhotef na Uku, wanda ya hau gado wajen shekara ta 1390 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mai da layar nan wasiƙa. Ya sa aka sassaƙa manya manya, aka rubuta labarinsa, aka aika da su ƙasashe. Wani ya ambaci matarsa Tiye da sunayen iyayenta. Wani ya ce sarki ya harbe zakoki 102 cikin shekara goma. Wani kuma ya ce 'yar Sarkin Mitanni ta iso da mata 317 'yan rakiya. Fiye da 200 sun saura, an tsinci waɗansu har a Sham da Sudan.

Amma fa sai ka lura da abu biyu. Na farko, sarki ne ya sa aka rubuta, maroƙi kuwa ba ya faɗin aibin ubangidansa. Na biyu, suna ba ya nuna shekarun abu. Tutmos na Uku ya rasu wajen 1425 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ɗaruruwan shekaru bayansa ana ta zana sunan sarautarsa, watau Menkeferre, domin mutane sun gaskata yana tsare su. Don haka masana su kan duba irin sassaƙar, da wurin da aka tono abin, kafin su yanke magana.

To, kai ma in ka karanta abu, ka tambayi wanda ya sa aka rubuta, da abin da ya ke nufi.