Darasin kiwon lafiya: Mai barcin safe ba kullum ne raggo ba

Ƴan uwa, a wasu gidaje akwai saurayin da barci ba ya ɗaukarsa sai ƙarfe 2 ko 3 na dare. Da asuba a tashe shi, ya kasa tashi. Jama'a sun tafi gona, shi yana kwance. Sai a ce raggo ne, wani lokaci har da duka. Mu yi hattara, wataƙila ciwo ne.

Mi ke kawo shi?

Cikin ƙwaƙwalwar kowa akwai agogon jiki. Haske da duhu ne ke daidaita shi. In dare ya yi, jiki yana fitar da wani sinadari mai suna melatonin, mai kiran barci. Wasu mutane agogonsu yana latti da awa 2 ko fiye. Ko sun kwanta bayan isha'i, ido ba ya rufuwa. In an bar su, barcinsu lafiya lau ne, lokacinsa kawai ya goce. Abin ya fi kama samari da ƴan mata, kuma ana gadonsa.

Mi za a yi?

1. A tashi lokaci guda kullum, har ranar hutu. A riƙa matso da lokacin tashi da minti 15, sannu sannu.

2. Da an tashi, a fita waje cikin hasken safe kamar minti 30. Hasken safe ne ke jawo agogon baya.

3. Da dare a rage haske. A aje salula awa 1 kafin kwanciya.

4. Daga la'asar a bar shayi, kafe da goro.

5. Kada a sayi ƙwayar barci a kasuwa, ba ta gyara agogo. A je gidan likita.

6. Wanda bai ƙoshi da barci ba, kada ya tuƙa moto.

Iyaye, gyaran yana ɗaukar makonni, kuma ciwon yana iya dawowa. Kafin nan, a ba yaro aikin da ya dace da shi, kamar ban ruwa a garka da marece. Zagi da bulala ba su kawo barci.

Tambayoyi

Mi ke daidaita agogon jiki?

Don mi ake fita cikin hasken safe?

Wa kuka sani mai irin wannan ciwo, kuma yaya za ku taimake shi?